Zai Saki: Sabon Takalmi da Sabuwar Wayar Sauti

Duk wanda ya taɓa sayen takalmi sau-ciki ya san wannan magana. Ka zura ƙafa, ka ji ya matse maka yatsu, ya kama dunduniya kamar da gayya. Kana ɗago kai, kafin ka buɗe baki mai shago ya riga ka: "Haba Alhaji, ai sabo ne. Ka sa shi kwana biyu, zai saki." Wani lokaci gaskiya ya faɗa maka. Wani lokaci kuma so yake ka biya ka kama gabanka, don ya san takalmin da ya taka ƙasa ba ya komawa shago. Abin da ya sa maganar ta ƙi mutuwa shi ne, ko gaskiya ce ko dabarar ciniki, bayan wata guda yawanci takalmin ya daina damun mai shi. Sai dai ba kowa ke tsayawa ya tambayi kansa ba: shin takalmin ne ya saki, ko ƙafar ce ta saba?

Wannan tambaya ce ta raba kan masu sha'awar kayan sauti na alfarma a Amurka, Ingila, Jamus da Japan shekara da shekaru. Mutane ne da ke keɓe ɗaki guda don sauraron kiɗa kawai, su zuba kuɗin mota, wani ma kuɗin gida, a kan amfilifaya da sifika da na'urar faifai, burinsu su rufe ido su ji kamar makaɗan na zaune a gabansu. Cikin kayan da suke saya akwai 'yar gajeriyar wayar da ke haɗa na'ura da na'ura, misali daga na'urar CD zuwa amfilifaya. Tsawonta yawanci mita ɗaya ne. Wadda kowa ya sani ita ce mai kai ja da fari, wadda ake kira RCA, da sunan kamfanin Amurkan da ya fito da ita tun zamanin garmaho. Akwai kuma mai ƙafa uku, XLR, irin wadda ake gani a gindin makirufo. A kasuwa za ka sami ta 'yan daloli, za ka kuma sami ta dubban daloli. To idan mutum ya sayi mai tsadar, ya kai gida ya jona, ya ji sautin bai kai yadda aka kwarzanta masa ba, amsar da zai samu ita ce ta mai takalmi: sabuwa ce, ba ta horu ba tukuna. A bar kiɗa ya yi ta bi ta cikinta awa 50, ko awa 100, wasu ma su ce 300 ko fiye, sannan za ta nuna halinta na gaskiya.

Kafin ƙarshen shekarun 1970 kusan ba wanda ya ɗauki waya a bakin komai. Kyauta ake sako ta a cikin kwali, ko mai shago ya yanko maka wayar fitila ka je ka haɗa sifikarka. A 1979 wani injiniya, wanda kuma makaɗin ganga ne, mai suna Noel Lee ya kafa Monster Cable a San Faransisko, ya riƙa bin shaguna yana nuna wa mutane cewa waya mai kauri ta fi siririya. A wannan shekarar ce Ray Kimber ya fara nasa kamfanin a jihar Yuta, a 1980 kuma William Low ya kafa AudioQuest a Kalifoniya. Cikin 'yan shekaru waya ta tashi daga gyaran da ake ƙara wa mai saye, ta koma haja mai zaman kanta, da mujallu masu yi mata sharhi shafi-shafi. Da hajar ta yi tsada sai bayanai suka biyo ta, cikinsu har da wannan na lokacin horo.

Masu wannan ra'ayi sukan ce sabuwar waya tana da tsauri, siririn sauti yana da kaifi, bes ba shi da nauyi, makaɗan duk sun cunkushe wuri ɗaya. Bayan ta sha awoyinta sai komai ya buɗe, murya ta yi laushi, kowane kayan kiɗa ya sami gurbinsa. Dalilan da ake bayarwa iri biyu ne. Na farko ya shafi rigar wayar, wato robar da ta lulluɓe ƙarfen: wai tana shan ɗan caji tana sakewa a makare, sai ta daɗe tana aiki kafin ta daidaita. Na biyu ya shafi ƙarfen kansa: wai jan da aka yi wa jan ƙarfe a masana'anta don a mai da shi siriri ya bar shi a ɗaure, sai wutar kiɗa ta bi ta cikinsa ta kwance shi. Har na'urori aka ƙera don gajarta jiran. Kamfanin Nordost yana da tasa mai suna VIDAR, akwai wata mai suna Cable Cooker ta Audiodharma, akwai kuma faya-fayan CD, irin na XLO da na Ayre, cike da ƙara da shuuu da ake sakawa su kwana suna juyawa. AudioQuest kuwa ɗan akwatin batir mai bolt 72 take maƙala wa wasu wayoyinta, tana cewa yana riƙe rigar wayar a shirye ko da ba a kunna komai ba.

Kafin a yanke hukunci, yana da kyau a duba abin da ke faruwa da takalmin fata idan ya saki da gaske. Fata zaruruwa ce saƙaƙƙu cikin juna. Mutum mai nauyin kilo 70 ya taka ta dubban sau a yini, ga zafin jiki, ga gumi na jiƙa ta. Zaruruwan nan sai su miƙe, su zame a kan juna, kuma ba sa komawa yadda suke. Tsohon baduku a Ƙofar Wambai yana murza fata da yatsa zai gaya maka wadda za ta ba da kai da wuri da wadda za ta yi gardama: fatar akuya ba ta da musu, ƙirgin saniya sai an sha fama. In kana gaggawa, a shafa mata mai, a cusa katako a ciki ya kwana, da safe ka ji bambanci. Abubuwa huɗu ke nan suka haɗu. Akwai ƙarfin da ke dannawa. Akwai abin da ke miƙewa. Canjin ana ganinsa, domin in ka ajiye sabo kusa da wanda aka yi wata ana sawa, ko yaro zai nuna maka wanne ne wanne. Sannan sakin ba ya tsayawa daidai inda mai shi yake so. Gaba yake yi, har takalmin ya yi sako-sako, ya tale baki, a jefar.

A cikin kayan sauti akwai abin da ya cika waɗannan sharuɗɗa, wato sifika. A cikinta akwai faranti mai kai da komo, an riƙe bakinsa da zoben roba ko soso, an riƙe gindinsa da wani ƙyalle mai lanƙwasa da aka ƙafar da shi da danƙo. Duk lokacin da aka buga bes, waɗannan suna lanƙwashewa suna miƙewa. Sabon ƙyalle yana da tauri; bayan ya motsa na wani lokaci sai ya ɗan yi laushi, kuma ana iya auna wannan da na'ura. Wolfgang Klippel, injiniyan da ke ƙera na'urorin awon sifika a Dresden ta Jamus, ya yi nazari mai zurfi kan yadda waɗannan sassa ke saki da gajiya. Mafi yawan canjin yana faruwa ne da wuri, kuma idan an rufe sifikar a akwatinta abin da ke isa kunne kaɗan ne, amma dai canji ne na haƙiƙa. Haka allurar faifan garmaho, domin a kan 'yar roba take zaune. Haka amfilifaya mai ƙwan fitila a ciki, wadda sai ta ɗauki zafi na wasu mintuna take daidaita. Waɗannan duk takalman fata ne. In mai shago ya ce za su saki, yana da hujja.

Yanzu a auna wayar haɗi da wannan mudu. Da farko, wane ƙarfi ne ke danna ta? Na'urar CD tana fitar da kimanin bolt 2 idan kiɗa ya kai maƙura. Ƙofar amfilifaya kuwa an gina ta ne don kada ta ja wuta sosai. Turjiyarta takan kama daga om 10,000 zuwa om 47,000. In ka yi lissafi da mafi ƙanƙanta, wutar da ke bin wayar ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu biyar na amfiya ba. Cajar wayar salula mai amfiya 2 ta ninka ta sau dubu goma. Zafin da wannan 'yar wuta ke haifarwa a mita ɗaya na jan ƙarfe bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ɗari na wat ba. Riƙe wayar da hannu na daƙiƙa goma ya fi ɗumama ta fiye da kwana da kwanaki na kiɗa. Gaskiya ne jan ƙarfe yana canja hali idan aka gasa shi, maƙera sun san haka tun kaka da kakanni, amma sai zafi ya kai ɗaruruwan digiri. Gaskiya ne kuma wutar lantarki na iya ture ƙwayoyin ƙarfe daga wurinsu, amma a cikin 'yan mitsi-mitsin hanyoyin kwamfuta ake ganin haka, inda ake cusa wuta mai yawa ta hanyar da ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Wutar kiɗa ma ba gefe ɗaya take bi ba. Gaba take yi ta dawo baya ɗaruruwa da dubban sau a daƙiƙa, abin da ta tura shi take janyowa. Takalmi ne da ba wanda ya taka shi.

A ce ma ƙarfen ya canja. Turjiyar mita ɗaya ta irin wannan waya ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin goma na om ba, tana tsaye a gaban ƙofa mai om 10,000. Ko da ta ragu da rabi, abin da zai canja a sauti bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari ba. Ga wani abin lura: turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari duk lokacin da zafi ya hau digiri ɗaya. Ke nan tsakanin sanyin asuba da zafin azahar, turjiyar waya tana iya canjawa da kashi uku ko huɗu cikin ɗari, kullum, kuma ba a taɓa jin wani ya ce kiɗansa ya sauya saboda haka ba.

Maganar rigar waya ta fi kama hankali, domin akwai ƙwayar gaskiya a ciki. Kowace waya tana riƙe ɗan caji tsakanin ƙarfen ciki da ragar da ta kewaye shi, kamar ƙaramar kafasita, kuma irin robar da ke tsakani tana da tasiri: Teflon da foliyetilin sun fi PVC ƙarancin riƙo. Masu ƙera kafasita sun daɗe da sanin cewa wasu robobi kan ɓoye ɗan caji su sake shi daga baya. Amma wannan hali ne na robar, kamar launinta. Yana nan ranar farko, yana nan bayan shekara goma, kuma abu ne na daƙiƙoƙi da mintuna, ba ya taruwa ya zama gyara na dindindin. Girmansa kuma fa? Mita ɗaya na waya takan riƙe kimanin fikofarad 100. Idan aka haɗa ta da na'urar zamani, wannan riƙo ba ya fara rage sauti sosai sai kaɗawar ta haura sau miliyan 2 a daƙiƙa. Kunnen yaro mai lafiya yana tsayawa ne a wajen 20,000, na wanda ya ba hamsin baya kuwa ya yi ƙasa da haka sosai. Ɗan canji a cikin abin da shi kansa ya yi wa kunne nisa haka ba zai iso ba.

To ashe duk masu cewa sun ji bambanci ƙarya suke yi? Ko kaɗan. A nan ne takalmin roba ya shigo. Shi ba ya saki yadda fata ke yi, yadda aka zuba shi a masana'anta kusan haka zai mutu. Amma wanda ya daure ya yi wata yana sawa zai rantse maka ya saki. Abin da ya faru kuwa, bororon da ya fito a dunduniya ya fashe ya warke, kanta ta fito a wurin, mutum ya koyi irin takun da ba ya jin zafi ba tare da ya sani ba. Sauƙin da yake ji na gaskiya ne. Inda ya yi kuskure kawai shi ne wurin da ya ɗora dalilin.

Kunne ya fi ƙafa saurin sabo. Ji ba a kunne yake ƙarewa ba, ƙwaƙwalwa ce ke karɓar abin da ya shigo ta daidaita shi da abin da ta saba. Shi ya sa likitocin kunne ke gaya wa wanda aka sa wa na'urar taimakon ji cewa ya yi haƙuri na wasu makonni: da farko komai zai yi masa ƙara da kaifi, daga baya ya zama daidai, alhali na'urar ba ta canja ba. Masanin halayyar ɗan'adam Robert Zajonc ya nuna tun 1968 cewa yawan haɗuwa da abu kaɗai yana sa mutum ya ƙara son sa, ko da abin ba shi da wata ma'ana. Mu kuwa tun tuni muka ce sabo turken wawa. Sannan ga raunin tunawa. Mutum zai iya tuna waƙa shekara arba'in, amma ainihin ɗanɗanon sauti, irin ɗan kaifin nan ko ɗan laushin nan, cikin 'yan daƙiƙoƙi yake dusashewa. Wanda ya ce wayarsa ta fi daɗi yau fiye da makonni uku da suka wuce yana gwada abin da yake ji yanzu ne da labarin da ya ba kansa a kan wancan ranar. A tsakani kuwa abubuwa nawa suka canja? Ya matsar da kujera taƙi ɗaya, wanda a cikin ɗaki ya isa ya ɗaga wani sauti ya danne wani da desibel da yawa. Ya ɗan ƙara murya ba da niyya ba, kuma sananne ne cewa in ɗaya ya ɗara ɗaya ƙarfi ko da kaɗan, kunne yakan ce ya fi shi kyau. Ranar farko ya zauna a ɗarare yana farautar aibi don ya kashe kuɗi. Yau ya dawo daga aiki ya ci ya ƙoshi, dare ya yi, unguwa ta yi tsit.

Ido ma yana sa baki. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman suka gabatar da wani gwaji a gaban ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES. Sun sa mutane su ba sifikoki maki, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya an sa labule. Da ana gani, manya masu tsada da ƙyalli suka kwashe maki; da aka sa labule, tazarar ta ragu sosai. Abin mamaki, a bayan labule mutane sun ji bambanci idan an sauya wa sifika wuri a ɗakin, amma da suna kallo sai makin ya ƙi motsi, duk da cewa sautin ya canja da gaske. Ƙwararrun cikinsu ma ba su tsira ba. Gani ya kori ji ke nan a zahiri. In haka ta faru da sifika, wadda bambancinta a fili yake, ina ga waya?

Akwai hanyar raba gardama, kuma ba sabuwa ba ce. A 1982 David Clark ya wallafa bayanin gwajin da ake kira ABX a mujallar AES. Ana ba ka A, ana ba ka B, sannan a ba ka X wanda ɗaya ne daga cikinsu, kai ba ka sani ba, mai gwajin ma bai sani ba, a ce ka faɗi wanne ne. A maimaita sau da yawa don a kore sa'a. Batun horon waya ya fi kowanne sauƙin gwadawa ta wannan hanya: a sayi biyu iri ɗaya, a ba ɗaya awa 200, a bar ɗaya a kwali. Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar kunne: a tura kiɗa ɗaya ta wayoyin biyu, a debe na wannan daga na waccan, a ƙara wa abin da ya rage ƙarfi a saurara. Injiniya Ethan Winer ya ƙera na'ura musamman don wannan, ya gwada wayoyi masu araha da masu tsada, abin da ya rage bai wuce shuuu ɗin na'urar ba. Shekara da shekaru ana sayar da wannan magana, amma har yau ba a ga ingantaccen gwaji na rufe ido da ya nuna mutane suna bambance horarriya da sabuwa ba. Kamfanin da ke da irin wannan shaida ba zai ɓoye ta ba, a kan kwali zai buga ta.

Masu sha'awar suna da amsa, kuma ya kamata a saurare ta. Sukan ce gwajin rufe ido yana sa mutum ya ɗaure, kiɗa kuma ba jarrabawa ba ne; ƙananan bambance-bambance sai an zauna da kaya kwana da kwanaki suke bayyana. Sukan ƙara da cewa ba duk abin da kunne ke ji ne na'ura ta san yadda za ta auna ba. Magana ta farko ba ta hana gwaji, sai dai ta tsawaita shi: a naɗe wayoyin biyu yadda ba za a gane su ba, a bar mutum ya yi mako da kowace, ya sha shayinsa ya saurara yadda ya ga dama. Ta biyu kuwa gwajin ABX ya riga ya amsa ta, domin ba ya tambayar na'ura komai, kunnen kawai yake tambaya.

Halin da ake ba horon ma yana tona asirinsa. Kullum gyara yake kawowa. Ba ka jin wanda ya ce wayarsa ta yi daɗi ranar farko amma awa 100 ta lalata ta har abada, ko wanda ya ce ta wuce gona da iri ta yi sako-sako bayan awa 2,000. Canjin da ba shi da hankali ba ya zaɓar abin da zai faranta wa mai kaya rai. Fata tana saki ne ko kana so ko ba ka so. Wasu kuma sukan ce in an yi wata ba a kunna kaya ba, ko an ɗaga wayar an sauya mata wuri, horon yakan koma baya sai an sake. Takalmin fatar da ya buɗe ba ya komawa sabo don an ajiye shi ƙarƙashin gado. Abin da ke komawa shi ne ƙafa: kanta ta baje, fata ta yi laushi, ka sa tsohon takalminka ka ji kamar na wani.

Saura lissafin kasuwa. Dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya sayi kaya daga nesa kwana 14 ya mayar in bai gamsu ba, shaguna da yawa a Amurka kuma sukan ba da kwana 30. Mai aiki da ke samun awa uku na sauraro kowane dare zai ci kwana 33 kafin ya cika awa 100. Ba lallai ne wani ya zauna ya ƙulla haka da mugun nufi ba. Da yawa daga masu ƙera wayoyin sun yarda da abin da suke faɗa har zuciya, wasu ma sukan tsawaita wa'adin mayarwa don mutum ya sami sukuni. Amma sakamakon ɗaya ne. Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler sun nuna a 1990, da gwajin kofunan shan kofi, cewa da zarar abu ya zama naka sai darajarsa ta hau a idonka. Wayar da ta yi wata a bayan amfilifayarka, ka share mata ƙura, ka nuna wa abokai, ta riga ta zama 'yar gida. Jiran da aka ce don wayar ake yi, a kan mai saye yake aiki.

Duk da haka kada a ɗauka waya ba ta da tasiri sam. Akwai wuraren da take da shi, kuma sanannu ne. Allurar garmaho mai maganaɗisu tana fitar da 'yan milibolt kaɗan, kuma riƙon cajin waya yana iya ɗaga mata siririn sauti ko ya danne shi, shi ya sa masu ƙera ta ke rubuta adadin da ya dace. Doguwar wayar jita mai lantarki tana rage kaifi, kowane makaɗi ya san haka. Waya marar raga mai kyau tana kwaso gunjin wutar gida, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a Turai da Afirka, sau 60 a Amurka. Saboda haka ake amfani da XLR a inda waya ke da tsawo. Kan wayar da ya yi tsatsa ko ya saki yana kawo ƙara, kuma cirewa da mayarwa kawai yana goge dattin, wanda shi kaɗai ya isa ya sa wani ya yaba wa sabuwar waya da aikin da gogewa ta yi. Sai dai duk waɗannan suna bayyana ne nan take, ana auna su, ana gyara su. Babu wanda ke jiran awa 100.

Kiɗan da mai sha'awa ke saurare ma, kafin ya iso ɗakinsa ya ratsa ɗaruruwan mita na wayoyin aiki irin na Belden, Canare da Mogami a situdiyo, waɗanda ake saya a naɗe ana yankawa da mita. Injiniya yakan haɗa sabuwa da safe ya ɗauki murya da ita da hantsi. Wayoyin na'urar awon bugun zuciya suna ɗauke da saƙon da bai wuce milibolt ɗaya ko biyu ba, rayuwar mutum ta rataya a kansu, daga leda ake ciro su a manna wa majinyaci.

Shawarar da za a ba wanda ke da niyyar saye ba ta da tsawo. Ya nemi waya mai raga mai kyau, mai kai da ke kamawa gam, wadda tsawonta bai wuce buƙata ba. In ya sayi mai tsada, ya duba ranar da wa'adin mayarwa zai cika kafin ya duba adadin awoyin horo. In yana son sanin gaskiya da kunnensa, ya sa wani ɗan gida ya riƙa sauya wayoyin a bayan kaya yana rubutawa a takarda, ba tare da an taɓa maɓallin murya ba, sau goma sha shida. In ya ci goma sha biyu ko fiye, yana da magana, in ya tsaya wajen takwas, sa'a ce kawai. Kuɗin da ya rage ya sa su inda bambanci ke da girma: ya janye sifika daga bango, ya gyara mata fuska, ya shimfiɗa kafet, ya rataya labule mai kauri. Awa ɗarin kuwa ya saurare su, ba asara ba ce. Wanda ya zauna wata guda yana bin muryar mawaƙi da bugun ganga da natsuwa zai fito yana jin abubuwan da da ba ya ji a faifan da ya haddace. Wannan ƙwarewa tasa ce, ba ta cikin kwalin da ya saya, kuma za ta yi masa aiki ko da wayar 'yan daloli ya jona.